Me Ya Sa Ba A Zuba Rigakafi A Gadon Baya?

A zagayen allurar bisashe na bara, cikin hunturu, mun yi kwana uku a bakin wata rijiya arewa da Dakwaro, wajen kwarin Tarka. Tun da asuba makiyaya ke koro shanu cikin shingen ƙarfe, ƙura ta turnuƙe, kowa na ihu da nasa harshe. Jajayen shanun Bororo masu dogayen ƙahoni ba su son matsi. Kafin hantsi ya dubi ludayi, wani bijimi ya take wa ɗaya daga cikin mataimakanmu ƙafa, allura biyu sun lanƙwashe, ƙanƙarar da ke cikin akwatin sanyi kuma ta soma zama ruwa.

A rana ta biyu wani dattijo, arɗon wata ruga da ke kusa, ya zo ya tsaya yana kallonmu, sandarsa a kafaɗa. Ko saniya ɗaya bai kawo ba. Da muka dakata shan shayi sai ya zauna kusa da ni. Muka gaisa, ya tambayi gajiya, sannan ya ce:

"Malam, akwai abin da ya ɗaure mini kai. Maganin kaska zuba shi nake a gadon bayan saniya, ba kamu ba ɗauri, kwana biyu kaska ta kakkaɓe. To wannan rigakafin naku, me ya hana a zuba shi haka nan? Ko dai so kuke sai mun sha wuya?"

Yana da dalilinsa. A shekarar da ta gabata wata karsanarsa ta kumbura a inda aka yi mata allurar ciwon huhu, kumburin ya bazu, sai da aka bi ta da magani. Hakan yakan faru da rigakafin ciwon huhu na shanu a kan wasu dabbobi kaɗan, musamman waɗanda aka yi wa karon farko, kuma yana warkewa in an yi magani da wuri. Amma shi ya riga ya yanke shawara: shanunsa sun bar shiga shinge.

Na ce masa, "Baba, ba ya shiga ta fata." Iyakar amsar da na ba shi ke nan, don aiki na jira. Ya dube ni irin kallon da ake yi wa yaron da ya haddace karatu bai san fassara ba. Tambayar nan na sha jin ta a kasuwar bisashe da bakin rijiya, kuma ta cancanci amsar da ta fi wannan. A wasu ƙasashe akwai masana da suka share shekaru a kanta.

Fatar da ta shigar da guba

In fara da abin da ya sa amsata ba ta gamsar ba. Duk makiyayi ya san abu yana shiga ta fata, don ya gani da idonsa.

Wata damina an kira ni wani ƙauye a yankin Mayayi. Mai gidan ya haɗa fiya-fiya da baƙin mai ya shafa wa maruƙa biyar don kaska da ƙwarƙwata. Na iske su suna dalalar da miyau, jiki na karkarwa, ga zawo, ƙwayar ido ta tsuke, numfashi da ƙyar. Muka wanke su da ruwa da sabulu, na yi musu allurar atirofin. Uku sun tashi, biyu sun mutu. Yaron da ya yi shafar da hannunsa tsirara shi ma ciwon kai da amai suka kama shi, sai da aka kai shi gidan likita.

Ke nan fata ba ta hana komai da komai shiga. Zaɓe take yi. Abin takaici, gubar da ake fesa wa ƙwari tana cikin abin da take bari ya wuce, rigakafin da ke ceton garke kuwa yana cikin abin da take tarewa. In an fahimci dalilin, an fahimci sauran zancen duka.

Katangar tubali da laka

Fatar saniya na da kauri, milimita da dama. Amma ainihin mai gadin ƙofa wani siririn ɓawo ne a can sama, wanda kaurinsa bai kai na silin gashin kai ba. Matattun ƙwayoyin fata ne jere bisa juna kamar tubali, tsakaninsu kuma akwai maiƙo da ya liƙe su, yadda laka ke riƙe tubali a katangar gida. Duk abin da zai shiga jiki daga waje, sai ya ratsa ta cikin wannan maiƙo, ko kuma ya bi ramin gashi. Shanu na da ramukan gashi da yawa ƙwarai fiye da mutum, kowane rami kuma da ƴar jakar maiƙo a gefensa.

Abu biyu ake bukata kafin magani ya ratsa: ya zama ƙarami, kuma ya zama mai shiri da mai. Kowane magani tarin wasu ƴan mitsi-mitsin abubuwa ne da ido ba ya gani, ana ce musu molekul, ana auna nauyinsu da wani ma'auni mai suna dalton. Likitocin fata na da ƙa'idar da suke aiki da ita: abin da ya haura dalton 500 da wuya ya ratsa lafiyayyar fatar mutum. Gubar fiya-fiya dalton 221 ce, kuma tana narkewa cikin mai, shi ya sa ta wuce ba shamaki. Deltametirin da fulumetirin, magungunan kaska na zubawa, suna wajen dalton 500. Ibamektin, maganin tsutsar ciki da ƙazuwa, ya kai wajen 875.

Yanzu mu dubi ɗaya ɓangaren, wato magungunan da ake samowa daga abu mai rai: rigakafi, insulin na masu ciwon suga, maganin dafin maciji da ake tacewa daga jinin doki. Insulin, wanda ke cikin ƙananansu, ya kusa dalton 5,800. Sinadarin garkuwar jiki irin na maganin maciji yana tsakanin dubu 100 da dubu 150. Rigakafin PPR, annobar awaki da tumaki, shi kuwa ƙwayar cuta ce sukutum, mai rai, wadda aka raunana, nauyinta na miliyoyi. In muka ɗauki deltametirin a matsayin ƙwayar hatsi ɗaya, insulin ƙwaya goma sha ɗaya ne, sinadarin garkuwa ƙwaya ɗari uku, ƙwayar cutar PPR kuwa sai dai a kwatanta ta da tiya cike, ko fiye. Tsagar da ƙwayar hatsi ke bi da ƙyar, ina tiya za ta bi?

Girman ma ba shi kaɗai ba ne. Irin waɗannan magunguna da ruwa suke shiri, ƙofar kuwa ta mai ce. Sannan ba su da juriya: zafi na lalata su, hasken rana na lalata su. Rigakafin PPR busasshe yake zuwa cikin kwalba, da zarar an narka shi kuma ba a so ya wuce awa biyu ba a yi amfani da shi ba. A zuba wannan a bayan akuya cikin ranar Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ai an zubar ne kawai.

Ɗan dakon da ke cikin kwalba

Mai karatu zai ce, to ibamektin da ya haura 500, yaya aka yi yake aiki in an zuba? A nan ne zancen ɗan dako ya shigo. A kwalbar ibamektin na zubawa, maganin kansa rabin kashi ɗaya ne cikin ɗari. Sauran duk ruwan da ke dakonsa ne, galibi wani irin alkol da wasu mayuka. Aikinsu su narka maganin, su baza shi ƙarƙashin gashi, su sassauta lakar nan ta tsakanin tubali na ɗan lokaci. Irin aikin da man zafi ke yi ke nan in an shafa a gwiwa. Da wannan dabara aka yi filastar magani ta farko da aka amince da ita a Amurka a 1979, ta hana jiri da amai a tafiya. Da ita kuma ake yin wani maganin zazzaɓi da raɗaɗi na shanu, fuluniksin, wanda ake zubawa a baya a Turai da Amurka.

Ko da ɗan dako, fata sai ta karɓi harajinta. Ibamektin na allura, mililita 1 ake yi wa kilo 50. Na zubawa mililita 1 ne ga kilo 10. In aka lissafa ainihin maganin da ke ciki, na zubawa ya ninka na allura sau biyu da rabi, don an san da yawansa ba zai shiga ba.

Akwai kuma abin da ya ba ni mamaki ran da na fara jin sa. A farkon shekarun 2000, masu bincike a makarantar likitancin dabbobi ta Tuluz a Faransa sun zuba wa shanu ibamektin, suka hana wasu lasar jikinsu, suka bar wasu. Sai suka gano a wajen waɗanda aka bari, fiye da rabin maganin ta baki ya shiga, da lasa. Sun kuma iske maganin cikin jinin shanun da ba a zuba wa komai ba, don sun lashi ƴan uwansu. Ashe wani kaso na abin da muke cewa ya shiga ta fata, harshe ne ya kai shi.

Magungunan kaska irin su deltametirin kuwa ba a ma so su shiga jini sosai. Cikin maiƙon fata suke bazuwa, su bi jiki, kaska ta gamu da su a waje. Abin da arɗo ya gani yana aiki a bayan saniyarsa, yawancinsa bai ƙetare katangar ba sam.

Ga kuma inda gizo ke saƙar: alkol ɗin da ke buɗe wa ibamektin hanya, shi ne ke kashe rigakafi mai rai. Shi ya sa a wurin aiki ba mu wanke sirinjin rigakafi da alkol ko wani maganin kashe ƙwayoyin cuta, tafasa shi muke yi. Ɗan dakon da ya dace da wannan kaya, ɓarnar wancan yake yi.

Sababbin ƴan dako

Duk da haka masana ba su haƙura ba, kuma suna da dalili mai ƙarfi. Ƙarƙashin ɓawon nan, fata cike take da ƙwayoyin tsaron jiki masu jiran baƙo. Wani Bajamushe, Paul Langerhans, ya fara ganin wasunsu tun 1868. Rigakafin da ya sauka daidai wurinsu, kaɗan ma ya isa. Hukumar lafiya ta duniya ta yarda a yi wa mutum rigakafin cizon mahaukacin kare cikin fata da kashi ɗaya cikin goma na mililita a kowane gurbi, haka ma rigakafin shan inna na allura ana iya yin kashi ɗaya cikin biyar na adadinsa in cikin fata aka sa. Ga ƙasa mai miliyoyin bisashe, kwalba ɗaya ta isa dabbobi da yawa ba ƙaramin abu ba ne.

Dabara ta farko ita ce a naɗe maganin cikin ƴar ƙunshiyar maiƙo. A shekarun 1960 Alec Bangham, a wata cibiyar binciken jikin dabbobi da ke Babraham kusa da Kambirij a Ingila, ya lura cewa wani irin maiƙo in an kaɗa shi cikin ruwa yakan dunƙule ya zama ƴan ƙananan ƙwallaye masu ruwa a ciki. Su ake kira lifozom. Tunanin shi ne a ɓoye magani mai son ruwa a ciki, bayan kuwa mai ne, ko ƙofar mai ta karɓe shi. Da aka gwada sai aka ga yawancinsu a sama suke tsayawa. A shekarun 1990 aka fito da masu laushi, an sa musu wani abu mai kama da sabulu don su iya matsewa su bi tsaga, da wasu masu alkol da yawa. Ana kuma gwada mai da ruwa da aka kaɗa har ɗigonsu ya fi ƙarfin gani, da ƴan ƙwallayen da aka auna girmansu don su taru cikin ramin gashi.

A ɗakin bincike an samu sakamako mai sa rai, amma da yawansa a kan ɓeraye ne, fatar ɓera kuwa ta fi ta mutum da ta saniya saukin ratsawa. Da aka zo kan mutane lamarin ya yi tsauri. Akwai filastar rigakafin zawon matafiya da aka daɗe ana yabo, wadda sai an ɗan kankare fata kafin a liƙa ta. Ta kai har babban gwaji, a 2010 aka bayyana cewa ba ta ba da kariyar da aka sa rai ba. Ƙunshiyar maiƙo kuwa ta nuna amfaninta a wasu rigakafin korona, inda ita ce ke kare abin da ke ciki har ya isa, amma su ma da allura aka kai su. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Filasta mai ƙaya

Dabarar da ta fi nisa yanzu ta daina roƙon katanga, huda ta take yi. Filasta ce ƙarama, a ƙasanta an jera ƴan ƙayoyi da ko milimita ɗaya ba su kai ba, kamar ƙaiƙayin hatsi. An yi su da abin da ke narkewa, an busar da rigakafin a cikinsu. In an danna a fata sai su wuce ɓawon sama, su narke cikin ƴan mintuna a inda ƙwayoyin tsaro suke, ba tare da sun yi zurfin da zai kawo zafi mai yawa ko jini ba. Mark Prausnitz da abokan aikinsa a jihar Jojiya ta Amurka suka fara nuna hanyar huda fata da ƴan ƙayoyi a 1998.

A 2017 aka buga sakamakon gwajin filastar rigakafin mura a kan mutum 100 a Amurka. Garkuwar da ta bayar ta yi daidai da ta allura, kuma filastar ta shekara a zafin digiri 40 ba ta lalace ba. Duk wanda ya taɓa goya akwatin ƙanƙara a bayan babur cikin rairayi ya san darajar wannan magana.

Na kusa da mu shi ne na Gambiya. Can aka gwada filastar rigakafin ƙyanda da rubela a kan manya 45, yara 120 masu wata 15 zuwa 18, da jarirai 120 masu wata 9 zuwa 10. Sakamakon da mujallar Lancet ta buga a 2024 ya nuna fiye da kashi 90 cikin ɗari na jariran sun samu kariya daga ƙyanda, dukansu kuma daga rubela, kamar dai yadda allura ke yi. Ba ta shiga gidajen likita ba tukuna. A ɓangaren dabbobi an gwada irin wannan filasta da rigakafin haukan kare a cikin kunnen karnuka. A gidajen kiwon aladu na Turai kuma an daɗe ana aiki da wata na'ura marar allura mai harba ɗigon rigakafi cikin fata da ƙarfin matsi.

Abin da kakanni suka riga suka sani

Kai rigakafi ta fata ba baƙon abu ba ne a wajen makiyayi. Tun kafin zuwan likitocin Turawa, Fulani da makiyayan Muritaniya da Senegal kan yanki ɗan huhun saniyar da ciwon huhu ya kashe, su tsaga fatar karan hancin mai lafiya, su cusa shi. Wurin kan warke da wani tsiro mai tauri, har wani masanin halittu Bafaranshe, Rochebrune, a shekarun 1880 ya zaci wani irin sa ne mai ƙaho uku. A Beljiyam, Louis Willems ya bayyana irin wannan dabara a 1852, shi a wutsiya yake yi. Ba na ba kowa shawarar komawa ga wannan: ɗanyen huhu na kawo mugun kumburi, yana kashe wasu dabbobin, ga shi kuma babu awo. Rigakafin yau an raunana shi ne don a kauce wa wannan ɓarna. Amma a lura da abu ɗaya: su ma sai da suka tsaga fata. Ba shafawa suka yi ba.

Haka yake har yau. Rigakafin ƙurajen kaji ana yin sa da allura mai baki biyu da ake tsoma wa cikin ruwan rigakafi a huda fatar fiffike, bayan mako guda ko kwana goma a duba ɗan kumburin da ke nuna ya kama. Rigakafin ƙurajen baki na tumaki, a ƙasashe irin su Ingila da Ostareliya, karce fata ake yi a inda ba gashi a ɗiga shi. Kowace hanya aka bi, sai an buɗe ɓawon nan.

Kafin ta iso ruga

Ina fatan in ga ranar da mataimakin likitan dabbobi zai fita da rigakafin garke ɗari cikin jakar rataya, ba ƙanƙara, ba ruwan narkawa, ba allura ɗaya da ke yawo daga dabba zuwa dabba tana iya ɗaukar cuta. A taron Abijan na 2015 ƙasashen duniya, tare da FAO da ƙungiyar lafiyar dabbobi ta duniya, sun ɗauki alkawarin kawar da PPR kafin ƙarshen 2030, yadda aka kawar da bushiya a 2011. Abin da ke rage mana gudu shi ne kai rigakafi da ransa har inda awaki suke. Rigakafi mai jure zafi ya taimaka ƙwarai wajen gamawa da bushiya, kuma an riga an yi irinsa na PPR.

Amma abin da ya yi aiki a hannun jariri a Gambiya sai ya amsa tambayoyin daji. Ina za a liƙa filasta a jikin da ke rufe da gashi da ƙura? In cikin kunne ne, wa zai riƙe kan bijimi na mintuna? Kamun da arɗo ke gudu bai kau ba ke nan. In akuya ta lashe ta ko ta goge a ƙaya fa? Fatar raƙumi, ta balami da ta jar akuyar Maraɗi ba ɗaya ba ce, kowace sai an gwada ta daban. Sannan kuɗi: rigakafin da ake yi a LABOCEL a Yamai kwalba ɗaya na isar dabbobi da yawa, filasta kuwa kowace dabba da tata.

Akwai kuma wani bambanci da ya fi ba ni tsoro. In maganin kaska bai yi aiki ba, cikin mako guda za ka ga kaska, ka sake. In rigakafi bai shiga ba, babu alamar da za ta nuna maka sai ranar da cuta ta shigo garke. Saboda haka a riƙe wannan da kyau: a yau babu wani rigakafin shanu, tumaki, awaki ko raƙuma da aka amince a zuba shi a gadon baya. Duk wanda ya tallata maka irinsa a kasuwa, kuɗinka yake so.

Na zubawa da ke hannunmu

Wanda muke da shi kuwa, mu yi amfani da shi yadda ya kamata. A kimanta nauyin dabba da igiyar awo a ƙirji, kada a yi cinke. A zuba siririn layi daga bayan tozo zuwa gindin wutsiya, a busasshiyar fata mai tsabta, ban da kan gyambo, kirci, ɓawon ƙazuwa ko busasshiyar kashi. In hadari ya haɗu a dakata. Da safe ko da yamma ya fi tsakar rana.

In ibamektin ne, a yi wa rukunin gaba ɗaya, ko a ware waɗanda aka yi wa na ƴan kwanaki. In ba haka ba sauran za su lashi ɗan kaɗan, wanda bai isa ya kashe tsutsa ba amma ya isa ya koya mata jure magani. Kada a zuba shi ga saniyar da ake tatsa don sha ko sayarwa, kuma a duba takardar kwalba a ga kwana nawa za a jira kafin yanka. Na zubawa ba a yin allurarsa, na allura ba a zuba shi. Awon shanu ba na awaki ba ne, a tambayi ma'aikacin kiwo. Amitaraz, wani maganin kaska na wanka, guba ne ga doki da jaki. Kada a wanke kwalba ko kwano a bakin tabki ko rijiya. Mai zubawa ya sa safar hannu ko ya ɗaura leda, kada a ba yaro wannan aiki. Maganin gona kuwa, da fiya-fiya, da baƙin mai, ba su da wuri a jikin dabba.

Tabon da ke hannun arɗo

A daren rana ta biyu na bi arɗo rugarsa, aka kawo mini ƙwaryar nono. Na yi masa bayanin tubali da laka, da ƙwayar hatsi da tiya. Ya saurara bai ce komai ba. Sai na ce, "Baba, in ba damuwa, ɗaga mini hannun rigarka." Ya ɗaga. A hasken tocila ga tabon lamba a damtsensa, na rigakafin agana da aka bi ƙasashenmu ana yi a ƙarshen shekarun 1960, cutar da aka tabbatar ta ƙare a duniya a 1980.

Na ce, "Ran da aka yi maka wannan, shafa maka aka yi?"

Ya yi murmushi. Ya ce yana yaro, amma bai manta kukan da ya sha ba. Ya kuma ce mahaifinsa ya taɓa ba shi labarin tsagar hanci da ake yi wa shanu.

Na yi masa alkawarin duk dabbar da ta kumbura bayan allura ya aiko, za mu zo mu yi magani, na bar masa lambar mataimakin da ke yankinsu. Da safe ya koro tumaki da awaki duka, da yawancin shanun. Karsanar nan kam ya bar ta gida, ban kuma matsa ba. Da za mu tashi ya riƙe hannuna ya ce, "Malam, in filastar nan taku ta fito, a fara da shanuna."

Na ce masa in Allah ya kai mu. Kafin nan, zagayen bana na tafe, kuma allura ce dai za mu zo da ita.